Daminar da Kaka ta hana ni hagu

Shekaranjiya aka yi ruwan farko a Damagaram. Tun azahar gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, kuran ma, wutar lantarki, ya ɗauke, bantilata, fankar da muke kunna wa Inna, ta tsaya. Wajen la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe wankin da na shanya. Ina cikin tsintowa sai murfin kwano ya faɗo daga kan randa ya yi ƙara a siminti. Na durƙusa a tsakar gida da zanen Inna a hannu, har ruwan ya sauko ya same ni a nan.

Irin ƙarar nan na ji ranar da Inna ta faɗi, yau kwana ashirin da shida ke nan. Da hantsi ne, tana wanke shinkafa a bakin famfo, ni ina ɗaki ina guga. Na ji kwano ya faɗi, na ce, "Inna, lafiya?" Shiru. Da na fito na tarar da ita kwance a gefe guda, bakinta ya karkace, idonta a kaina, tana son ta kira sunana abin ya ƙi fita. Ban san lokacin da na fita titin unguwarmu ta Zango ba kallabi ba. Maƙwabta ne suka samo mota. A likita, wato asibiti, aka ce tansiyo ce, hawan jini, ta hau har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Kwana tara muka yi aka sallamo mu. Har yanzu ko cokali ne ya faɗi sai gabana ya yanke.

Amma da ruwan ya jiƙa ƙasa, ƙamshin nan ya taso, ba ranar faɗuwar Inna ce ta zo mini ba. Ƙauyen Dogo ne ya zo mini, da Kaka, uwar Babana, Allah Ya jiƙanta, da daminar da na yi a wurinta shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji biyar a lakwal, makarantar boko, sanƙarau ya kama ni a tsakiyar bazara. Ban riƙe komai na ciwon ba sai sanƙarewar wuya da warin magani. Na tashi, amma ba duka na tashi ba. Hannuna na dama ya dunƙule ya manne a ƙirji kamar ƙafar kazar da aka yanka, ƙafar dama kuma janta nake. Bik na rubutu ba ya tsayawa a yatsuna. A ganin kowa, ni da lakwal mun rabu.

Inna tana da tsohon ciki lokacin, amma ba ta bar ni na ɗaga ko tsinke ba. Ita ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini zane, ita ke ba ni abinci a baki, don ba za ta yarda a ga 'yarta tana ci da hagu ba, dama kuma ba ta aiki. Masu dubiya su shigo su ce, "Sannu Fassuma, Allah Ya sa kaffara ce," su ajiye lemo su fita. In faɗi gaskiya, na saba. Buɗe baki kawai nake yi.

Kaka ta zo sunan ƙanwata. Gajeruwa ce, siririya, haƙoranta ja da goro, in ta yi magana a zaure sai a ji ta a madafa. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon Inna, mai jegon kwana bakwai, jaririya a cinya, tana gutsuro tuwo tana sa mini a baki.

"Wai wace ce jaririyar a cikinsu?" in ji Kaka. "A nuna mini, kada in yi barkar wadda ba ita ba."

Mata suka yi dariya. Inna ta sunkuyar da kai, surukarta ce. Washegari Kaka ta ce wa Baba za ta tafi da 'yar birnin nan, mai jego ta ji da goyo ɗaya. Inna ta haɗa mini kaya tana share hawaye da gefen zane. A ƙofar gida ta durƙusa ta ce, "Iya, ba ta iya ci da kanta fa."

"Na ji," in ji Kaka. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Mun isa Dogo ƙarshen bazara. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, awaki sun laɓe jikin danga suna haki. Shekarar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ba, don haka rumbun gidan ya yi ƙasa sosai. In Baffa Isa, ƙanen Babana, ya shiga ɗebo gero, kansa ba ya leƙowa, sai dai mu ji yana karta a ƙasa. Da safe kunu ne tsararo. Da rana fura, wadda ruwa ya fi ƙullun yawa, kana gama sha ka ji cikinka yana kaɗawa kamar gora. Tuwo kuwa sai bayan magariba, shi ma ba kullum ba. Ranar da babu, anza ce, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba.

Ranar da muka sauka an yi tuwo saboda baƙuwa. Aka ajiye akushi ɗaya, matan gidan suka kewaye shi. Na zauna ina jira a ba ni. Ba wadda ta dube ni. Hannuwa suna shiga suna fita, tuwon yana raguwa ina kallo. Da na ga zai ƙare sai na miƙa hagu. Ban kai ga akushin ba Kaka ta ƙwala mini ludayi a bayan hannu.

"A gidan wa? Hannun tsarki za ki tsoma mana a abinci?"

"Kaka, ɗayan ba ya yi."

"Wa ya ce miki? Kin tambaye shi?"

Na fashe da kuka. Aka cinye tuwon ina kukan, aka suɗe akushi, kowa ya tashi. Can sai ga Kaka da ɗan ƙoƙo, da tuwo a ciki kamar loma takwas. Ta zaunar da ni gefenta, ta kamo hannuna na hagu ta tura ƙarƙashin cinyarta ta danne. Tsohuwar ba ta da nama a jiki, amma nauyinta kamar na turmi. Ta buɗe yatsun damana ɗaya bayan ɗaya, ta sa loma a ciki, ta tallabi gwiwar hannun ta tura sama. Lomar ta faɗi a zanena. Ta ɗauka ta mayar. Ta sake faɗuwa. Ta uku ta kai kumatu, na bi ta da baki kamar akuya.

"Ci a hankali, 'yar birni," ta ce. "Ba inda za ni. Mijina ya mutu, ba mai jirana."

Har aka kira isha muna kan loma takwas ɗin nan. Haka muka yi washegari, haka jibi.

Gwaggo Tsahara, autar Kaka, lokacin tana gida ba ta yi aure ba. Ita abin ya fi damu. Da rana sai ta yafuto ni bayan rumbu ta riƙa ɗura mini fura da ludayi, tana leƙe. Kwana uku muna haka Kaka ta kama mu.

"Tsahara, in an ɗaura miki aure da ita za ki tare, ki riƙa ba ta a baki?"

"Iya, yarinyar nan marar lafiya ce. Ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Ranar da ba ni, ba ke, ba uwarta, wa zai tsaya mata da ludayi?"

Gwaggo ta ajiye ludayin. Ni kuwa a ranar na tsani Kaka, tsana ta gaske. Na riƙa roƙon Allah Ya kawo Baba ya ɗauke ni.

Ruwan shuka ya sauko wata Laraba da yamma. Na tuna yadda iska ta fara kawo sanyinsa kafin shi, yadda kaji suka ruga, yadda kowa ya fito da ƙwarya da tulu yana tara. Da asuba gidan ya tashi kaf. Baffa yana gaba da sungumi, doguwar fartanyar nan ta shuka, kowane taku ya sari ƙasa ya bar rami, bai ko duba baya. Mata suna biye, ƙoƙon iri a hagu, su ɗebi ƙwaya kaɗan da yatsa uku na dama su jefa, su rufe da diddige, su wuce. Ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa, tana nutsewa kaɗan.

Aka ba ni nawa ƙoƙon. Na duba na ga Kaka ta yi nisa, sai na matse ƙoƙon a ciki da shanyayyen hannun, na riƙa ɗiba da hagu. Ai kuwa sai ga ni ina tafiya kamar kowa. Tun da na kwanta ciwo ban ji daɗi irin na wannan safiya ba. Na kai rabin layi sai na ji inuwar Kaka a kaina.

"Da hagu kike ba ƙasa abin da za mu ci? Ko ubanki da rashin jinsa bai taɓa yi mini haka a gona ba. Juya."

Na juya. Hannun dama ya shiga ƙoƙon ya fito ba komai. Ya sake shiga ya damƙo cike da tafi, ya ƙi saki a kan ramin, sai da na wuce ya buɗe, gero ya watse a fili. Na rikice, na kai hannu in tare, ƙoƙon ya kife gaba ɗaya.

Baffa ya tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye sungumi ya dawo ya tsuguna, babban mutum, yana tsince ƙwayar gero ɗaya-ɗaya daga jiƙaƙƙen rairayi yana hurewa. Bai ɗago ba ya ce, "Iya, irin nan ba shi da yawa."

Kaka ta karɓe ƙoƙon, ta ce in je gindin gawo in zauna. Na wuni a can ina kallon bayansu.

Na ɗauka an gama da ni ke nan. Washegari da safe sai ta kira ni bayan gida. Ta yi ramuka da diddigenta, layi uku, ta miƙo mini ƙoƙo cike da 'yan tsakuwa ƙanana da ta tankaɗe daga rairayi.

"Shuka."

"Kaka, tsakuwa ce."

"In ta tsiro ke kika ci riba. Shuka."

Safe da yamma nake shukar tsakuwa. In na gama in tone in tsince in mayar a ƙoƙo, da dama. Hanyar rijiya ta bayan gidanmu ta bi, don haka duk matan unguwa sun san ni. "Manomiya, ina gajiya? Ya amfanin gona?" Wata ta ce in an yi girbi a ajiye mata dami ɗaya za ta yi gini. Tsakanin shukar tsakuwa kuma akwai ɓarar gyaɗar iri a gindin itacen bedi. Sauran mata su cika ƙwarya, ni in ɓare bakwai kafin azahar. Na taɓa sa haƙori, Kaka ta ce iri ne, ba rabon ɓera ba.

Abin da ya ba ni mamaki, ba hannun ne ke gajiya ba. Kaina ne. In ina son yatsa uku su haɗu sai na zuba musu ido, na riƙe numfashi, ina ce musu a zuci ku kama, ku kama. Su yi shiru kamar ba da su nake ba, can sai su motsa, kamar saƙon ya bi ta wani gari kafin ya iso. Kafin in gama layi uku zufa ta jiƙa ni, kaina yana sarawa, barci ya kwashe ni a zaune. Wata rana na jefar da ƙoƙon na ce wa Kaka hannun ya mutu, likita ma bai iya ba.

Ta nuna mini hanyar rijiya da haɓa. "Wa ya share hanyar can?"

"Ba kowa."

"Ƙafa ce. Bara da rijiyar ta rufta aka daina bi, wata biyu ciyawa ta cinye ta, da aka gyara sai da aka sake takawa. Hannunki lafiyarsa lau, ga shi da ɗumi. Daga kanki zuwa wurinsa ne hanya ta ɓace. Ɗauki ƙoƙonki."

Ruwa kuwa tun na ranar Larabar bai sake zuwa ba. Gero ya tsiro siriri kamar allura, ya yi kwana goma yana jira, sai iska mai zafi ta riƙa watsa masa rairayi har ya ƙone. Kullum da yamma hadari ya haɗu, mu fito mu tsaya, ya watse. Maza suka fita roƙon ruwa sau biyu. Fura ta ƙara tsinkewa. Baffa ya daina zama a gida da rana don kada a miƙo masa ya karɓa. Kwana goma sha tara muka yi a haka, ni ina ta shukar tsakuwa, don ita ba ta jiran ruwa.

A cikin kwanakin nan ne, ban san ranar ba, na lura na daina yi wa yatsuna magana. Ina kallon wata akuya da ta maƙale a danga, da na duba sai na ga na rufe rami huɗu ban sani ba.

Ruwa na biyu ya zo da ƙarfi, har ya rusa gefen dangarmu. Da asuba Kaka ta jawo wata gora daga ƙarƙashin gadonta, bakinta a toshe da laka. Irin da ta ɓoye ne, ko Baffa bai san da shi ba. A bakin gona ta zuzzuba wa kowa, sannan ta zuba kaɗan a ƙoƙona.

"Iya," in ji Baffa, "wannan ne na ƙarshe fa."

"Ni za ka gaya wa? Ni na ɓoye shi. Sara mata layi ɗaya a gefe."

Ya sara. Na tsaya a kan ramin farko. Gero ba tsakuwa ba ne, ya fi santsi, ya fi ƙanƙanta, yana zillewa. Na ɗiba, na saki, na ja ƙafar dama na rufe. Na biyu. Na uku. Sauran sun yi layi goma sun dawo ni ina tsakiyar nawa. Rana ta ɗaga, ƙasa ta fara tururi, hannun yana rawa, amma ƙoƙon bai kife ba. Da na kai ƙarshe na juyo ina neman idon Kaka. Ta dubi layin daga nan har can, ta tofar da goro.

"To. Je ki sha ruwa."

Daga nan ruwa ya zauna, yunwa ma ta zauna. Wanda bai yi tsakiyar damina a ƙauye da rumbu wayam ba bai san abin ba: ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, ciki kuwa ba komai. Maza suna noma da kunu a ciki. Mu mata mu shiga jeji tsinkar tafasa, kan ganyen kawai ake tsinka, da yatsa ukun nan dai. A dafa a matse a kwaɗa, ran da akwai ƙuli a sa, ran da babu gishiri ya isa. Ɗaki yana yoyo, itace jiƙe, hayaƙi ya cika ido kafin wuta ta kama. Sauro kuma ba a magana. Duk da haka ƙoƙona na bayan magariba bai taɓa fashi ba, Kaka tana gefe tana tauna goro, ta ce ita ta ƙoshi. Sai ranar rasuwarta, shekara uku ke nan, Gwaggo ta gaya mini ba wani tuwo da ake ajiye mini. Rabon Kaka ne. Hannu kawai take sawa a akushi ta yi kamar tana ci, ta tura nata gefe.

Ban san ranar da ta daina zama a kan hannuna na hagu ba. Na dai tuna wata rana na tsinci kaina a bakin akushi cikin mata, ina kokawar loma kamar kowa, ana ce mini 'yar birni ta iya haɗama.

Layina ya fito a karkace, wani rami zangarniya ta yi cunkus, wani ba komai. Amma ya fito. Da gero ya fara nuna, Kaka ta karyo kai ɗaya daga cikinsa ta gasa mini tumu a bakin murhu. Ta ce in murje da kaina. Na sa shi tsakanin tafin hannu biyu, da zafinsa, na murza, na hure ƙaiƙayin, na watsa a baki. Ban sake cin abu mai zaƙin wannan ba.

An maido ni Zango gab da komawa lakwal. Inna ta zubo abinci, ta wanke hannunta ta zauna za ta ba ni. Na jawo kwanon na fara ci. Ta kalle ni har na yi loma uku, ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta taɓa yi wa Kaka maganar ba, amma daga shekarar ba sallar da ta wuce ba ta aika mata da zane ba.

Na maimaita aji. Rubutuna ya dawo kamar tonon kaza, mushe, malaminmu, ya riƙa ɗaga kayena na rubutu yana tambaya ko da ƙafa na yi. Na cika kaye bayan kaye da layin harafi ɗaya, don na riga na san yadda abin yake, tsakuwa ce kawai aka canza mata kama. Na samu birebe, takardar gama ƙaramar sakandare, na shiga lise, babbar sakandare. A can ne wata rana malamin kimiyya ya zana ƙwaƙwalwa a allo, ya ce ba dutse ba ce, duk abin da mutum ya yi ta maimaitawa tana ƙarfafa hanyarsa, in wani wuri ya lalace kuma tana iya neman wata hanyar ta kewaya, muddin ana matsa mata. Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar aji. Ya ce mene ne abin dariya. Na rasa yadda zan ce masa wata tsohuwa a Dogo da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta riga shi. Ƙaramin yatsana har yau bai miƙe sosai ba. Sauran huɗun suna yi mini komai.

Maganar nan dai ita matar da ke motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi a likita ta maimaita mana ranar sallama. Ta nuna mini yadda zan riƙa miƙe wa Inna yatsu da ɗaga mata hannu safe da yamma. Ta ce watannin farkon nan su ne masu muhimmanci, kuma kada mu yi mata abin da za ta iya gwadawa da kanta. Na ce to.

Na ce to, amma ban yi ba. Motsa hannun ina yi, kullum, Inna ta kau da kai ta bar ni. Abinci ne na kasa. Gwaggo Tsahara ta zo jinya daga Dogo, ita ke ba ta a baki, ita ke goge mata haɓa, gida cike da masu sannu. Ni na fi kowa sanin inda wannan hanyar take kaiwa. Sai dai Kaka babba ce ta danne hannun yarinya. Ni 'ya ce. Ta yaya zan zauna a kan hannun uwata? In ranta ya ɓaci tansiyon ta sake hawa fa? In ta tafi tana fushi da ni fa? Kwana goma sha bakwai ina juya wannan a raina, yatsun Inna suna ƙara lanƙwashewa ina gani.

Jiya da safe, gari ya yi sanyi bayan ruwan, na ɗumama tuwo na ce, "Gwaggo, yau ki bar mini."

Na zaunar da Inna a tabarma maimakon gado, ban sa mata matashi ba, yadda sai ta dogara da hannun hagu a ƙasa kafin ta zauna daidai. Da gangan na yi, Allah Ya yafe mini. Na wanke mata dama, na buɗe yatsun, na sa loma, na tallabi gwiwar hannun. Inna ta buɗe baki tana jiran nawa hannun. Ban kai ba.

"Fassuma," in ji Gwaggo, "uwarki ce fa."

"Na sani, Gwaggo."

"Ke ba Iya ba ce. Iya ma da ta yi, Allah ne Ya rufa asiri."

"Ban manta furar bayan rumbu ba, Allah Ya saka miki. Amma ki bar ni."

Lomar ta faɗi sau biyar. A ta shida Inna ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace. Nan na karaya. Na ba ta a baki ina kuka, ta ci, ta juya fuska bango. Wunin jiya ko kallona ba ta yi ba. In na shigo ɗakin sai ta rufe ido.

Yau da safe na sake shimfiɗa tabarmar. Na kawo ruwan wankin hannu. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Na sa loma ta faɗi. Na mayar ta faɗi. Inna tana huci, wani sauti yana fita daga maƙogwaronta, na san faɗa take yi mini, kalmomin ne babu. Ta yunƙura za ta ɗaga hagu ta ture kwanon, ta ji za ta kife, ta mayar da shi ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri," na ce. "Ki tsine mini ma in kin warke, zan tsaya in ji. Amma yau ba zan ba ki ba."

Ta zuba mini ido, irin kallon da take yi mini ina ƙarama in na fasa mata tulu. Sai na ga kafaɗarta ta dama ta motsa. Hannun ya rabu da cinyarta, kaɗan, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, yana karkarwa. Ya juyo wajena. Yatsun da nake miƙewa da ƙarfi kwana goma sha bakwai suka fara buɗewa da kansu, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Daƙuwa Inna ta yi mini.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Yaya, da wannan za ki fara? Ai kanki kika zaga!" Ta zame jikin ƙofa ta zauna, tana dariya tana share ido da mayafi.

Hannun ya koma cinya ya faɗi. Inna ta bi shi da kallo kamar na wani ne aka ajiye mata. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, rabin bakinta mai lafiya yana rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba.

Na matsa kusa, na durƙusa daidai gabanta yadda ba sai ta miƙa da nisa ba.

"Inna, sake yi mini," na ce. "Saura babban yatsa."